Yadda na warware jimlar Turanci mai ganga shida a takardar cinikin masara

Wata Litinin cikin kaka, wani ɗan kasuwa daga Tudun Hatsi a nan Gombe ya kawo mini takardar yarjejeniya mai shafi biyu. Zai kai wa wani kamfanin abincin kaji a Jos masara tirela ɗaya, buhu 300. Za a ba shi kashi 40 cikin 100 na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ciko kuma sai kaya sun isa. Bai sa hannu ba tukuna. Ɗansa da ya gama sakandare ya karanta masa takardar, ya ce masa kamfanin yana cewa ba a kawo masara ba, saboda haka ba zai biya ciko ba. Alhaji, wato ɗan kasuwar, ya ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Malam, ni ko lodi ban yi ba, ta yaya za a ce na makara?" Ga jimlar yadda take:

"If the maize has not been delivered by the time the warehouse closes on Friday, the buyer will not pay the balance until a new price has been agreed, unless the seller gave notice of the delay before the lorry left Gombe."

Kalma 42 ce, kuma babu ko ɗaya mai wuya a cikinta. Yaron ya san ma'anar kowace kalma. Abin da ya kayar da shi shi ne ya bi jimlar daga hagu zuwa dama yana fassara duk abin da ya tarar, ita kuwa irin wannan jimla ba a bin ta haka.

Na fara da kwafe ta da hannu a farar takarda, na bar fili mai yawa tsakanin layuka. Sannan na ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau mai ɗauke da lokaci. Na sami shida: "has not been delivered", "closes", "will not pay", "has been agreed", "gave" da "left". Na farkon kalma huɗu ne amma aikatau guda ne, a haka ake ƙirga shi. Aikatau shida na nufin ganga shida, wato sassan jimla shida, kowanne da aikatau nasa. Daga nan na kewaye mahaɗan da ke buɗe ganga, na sami biyar: "if", "by the time", "until", "unless" da "before". Kowane mahaɗi yana da aikatau ɗaya da yake riƙe da shi. Da na haɗa kowanne da nasa, aikatau ɗaya ya rage ba mai riƙe da shi, wato "will not pay". Nan ce ganga tsayayya, uwar jimlar: mai saye ba zai biya ciko ba. Sauran biyar ɗin duk ganga dogarau ne, aikinsu su faɗi yaushe, da kuma a wane hali, wannan ƙin biyan zai auku.

Wannan lissafin yakan ƙi fita daidai a wurare biyu. Wani lokaci "before" ko "until" suna ne kawai ke bin su, kamar "before Friday", to nan ba ganga ba ce, ba a sa ta a ƙirge. Wani lokaci kuma Turancin takardu yana ɓoye "if" gaba ɗaya ya juya tsarin kalmomi: "Should the lorry break down" ko "Had the seller called". Mai karatu sai ya ɗauka tambaya ce, alhali sharaɗi ne. In na ƙirga na ga aikatau biyu sun rage babu mahaɗi, kuma babu "and" ko "but" a tsakaninsu, nakan koma farkon jimlar in nemi "should", "had" ko "were".

Mataki na gaba shi ne gano wace ganga ke rataye a jikin wace. Ba duka biyar ɗin ne ke jingine kai tsaye da uwar jimla ba. "By the time the warehouse closes" tana cikin cikin sharaɗin farko ne, ita ke faɗin lokacin da za a duba ko masara ta iso. "Until a new price has been agreed" tana manne da ƙin biya, ita ke faɗin inda zai ƙare. "Before the lorry left Gombe" kuma tana cikin "unless", tana iyakance lokacin da sanarwa za ta yi amfani. Na sake rubuta jimlar kamar matakala, kowace ganga a layinta, wadda ke cikin wata na tura ta ciki kaɗan. Da Alhaji ya ga hakan, ko da yake ba ya karanta Turanci sosai, ya gane cewa magana uku ce aka cusa wuri ɗaya: sharaɗi, hukunci, da togaciya.

Sai na ja dogon layi a ƙasan takardar na jera abubuwan yadda za su faru a zahiri. Sanarwar jinkiri ita ce ta farko, sai tashin mota daga Gombe, sai rufe sito ran Juma'a, sai daidaitawa kan sabon farashi, sai biyan ciko. Abin da aka rubuta a ƙarshen jimla shi ne na farko a aikace. Wannan layin shi ne ya fi komai amfani a duk aikin, domin da shi ake kama ruɗin da siffar aikatau ke jawowa.

Ga inda ruɗin yake. A Turanci, idan ganga ta fara da mahaɗin lokaci ko na sharaɗi, irin su "if", "when", "until", "before", "after" da "as soon as", ba a sa "will" a cikinta don nuna lokaci mai zuwa. Ana barin "will" a uwar jimla kaɗai, ganga dogarau kuma ta ɗauki siffar yanzu. Shi ya sa aka rubuta "closes", wanda a idon ɗalibi yake kama da abin da aka saba yi kullum, alhali rufewa ɗaya tak ake nufi, ta Juma'a mai zuwa. Haka ma "has not been delivered". Yaron ya karanta ta a matsayin labari, wai ba a kawo masara ba. Amma tana ƙarƙashin "if", don haka ma'anarta ita ce a wancan lokacin da ke tafe, in aka duba aka tarar ba a kawo ba. "Has been agreed" ita ma gaba take kallo: sai an riga an gama daidaitawa.

Na ce wa yaron ya saurari bakinsa. In mahaifinsa ya ce masa, "Idan ka je kasuwa ka sayo mini goro," ai bai je ba tukuna, amma "ka je" siffar abin da ya riga ya faru ce. A jam'i abin ya fi fitowa fili: muna cewa "idan sun zo za mu tafi", ba ma cewa "idan za su zo za mu tafi" sai in wata ma'ana dabam muke nufi. Hausa ma ba ta sa "za" bayan "idan" a irin wannan wuri. Dabarar da ta ruɗe shi a Turanci kullum yana yin ta a harshensa ba tare da ya lura ba. Ina ganin da malaman Turanci a makarantunmu za su riƙa farawa daga nan, da rabin wahalar wannan darasi ta kau.

"Gave" da "left" su ne suka fi tayar wa Alhaji hankali, domin siffarsu ta shuɗaɗɗen lokaci ce tsantsa, kamar mota ta riga ta tashi. Dalilin shi ne wanda ya rubuta jimlar ya ɗauki kansa ya tsaya a yammacin Juma'a a ƙofar sito, yana waiwayen baya. Daga inda yake tsaye, tashin mota da sanarwa duk sun wuce. Daga inda muke zaune ran Litinin, ba ɗaya da ya faru. Sai dai a nan dole a yi gwaji guda kafin a yanke hukunci, saboda siffar da ta wuce bayan "if" ko "unless" tana da wani aikin dabam, wato nuna abin da ake ƙaddarawa kawai. "If the seller gave notice, the buyer would pay" zato ne, ba alkawari ba. Abin da ke raba su shi ne uwar jimla. In akwai "would", ƙaddarawa ce. In akwai "would have", abin ya riga ya wuce kuma bai faru ba, shi ne "da ... da" namu: da ya sanar, da an biya shi. Tamu "will" ce a cikinta, don haka sharaɗi ne na gaske da zai iya aukuwa a wannan makon.

Masu shirin WAEC da NECO sun san sashen da ake ba da jimla a ce a zaɓi fassarar da ta fi dacewa da ita. Da aka ce "If Musa had come earlier, he would have met the principal", amsar ita ce Musa bai zo da wuri ba kuma bai tarar da shugaban makaranta ba. Jimlar babu korewa ko ɗaya a cikinta, amma ma'anarta korewa biyu ce. Wanda ya mayar da ita Hausa da "da" a zuciyarsa kafin ya duba zaɓin ba zai faɗi wannan tambaya ba.

Daga nan na zo kan mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, kuma nan na fi daɗewa. "Idan" ta Hausa tana ɗaukar kaya biyu. Muna cewa "idan damina ta faɗi", abin da muka tabbata zai zo da yardar Allah, muna kuma cewa "idan mota ta lalace", abin da ba lalle ya faru ba. Turanci ya raba su: "when" ga abin da ake jira, "if" ga abin da ke iya faruwa ko ya ƙi. Takardar ta ce "if", ke nan kamfanin bai ce Alhaji zai makara ba, tanadi kawai ya yi. A fassara na sa "idan har" don shakkun ya fito. Da "when" aka rubuta, da na ce masa sun riga sun yanke cewa za a yi jinkiri, kuma da maganar ta canza.

"By the time" wa'adi ne, tsayayyen lokaci guda da za a duba a ga an yi ko ba a yi ba. Mutane sukan fassara ta da "kafin", kuma a nan ba laifi, amma a kula da bambancin "by Friday" da "before Friday". Ta farko ta haɗa da ranar Juma'ar kanta, ta biyu kuwa Alhamis ce ranar ƙarshe. A bakin kasuwa "kafin Juma'a" kowa da yadda yake ɗaukarta, don haka na fi son in ce "zuwa ranar Juma'a, har da ita".

"Until" da "unless" su ne tagwayen da suka fi cutar mai jin Hausa. Sun yi kama a kunne, sannan dukansu da "sai" muke fassara su. Ba zan biya ba sai ka kawo: wannan "sai" ɗin lokaci take nufi ko sharaɗi? A hira ba wanda ya damu, a takarda kuwa kuɗi ne. Gwajin da nake yi shi ne in yi wa gangar tambaya. In amsar "zuwa yaushe?" take bayarwa, "until" ce, kuma "har sai" zan rubuta. In amsar "a wane hali ne maganar ba za ta hau ba?" take bayarwa, "unless" ce, kuma "sai dai idan" zan rubuta. "Until" tana nufin ƙin biyan zai fara, ya ci gaba, ya tsaya a wani wuri. "Unless" tana nufin ba zai ma fara ba. Na kuma duba ko "unless" ɗin nan tana manne da gangar da ke kusa da ita ne, ta sabon farashi. Waƙafin da ke gabanta ya raba su, ma'ana ma ba ta ba da haka ba, don haka togaciya ce ga hukuncin gaba ɗaya.

Da na gama da kalmomi, sai na gwada jimlar da halaye huɗu da za su iya faruwa, ina faɗa wa Alhaji kowanne da baki. Na farko, masara ta isa Alhamis ko Juma'a kafin a rufe sito. To jimlar ba ta tashi aiki ba ko kaɗan. Amma na nuna masa cewa ita wannan jimla ba ta ce za a biya shi nan take ba. "If" tana faɗin abin da zai faru in sharaɗi ya cika, ba ta cewa komai kan abin da zai faru in bai cika ba. Lokacin biyan ciko sai a neme shi a wani sakin layi, kuma mun same shi a shafi na biyu. Na biyu, an makara kuma ba a sanar ba: za a riƙe ciko har sai an daidaita kan sabon farashi. Na uku, tun a Tudun Hatsi aka ga lodi ba zai kammala da wuri ba, aka kira kamfani kafin mota ta tashi: riƙe kuɗin bai hau kansa ba.

Na huɗu shi ne wanda ya sa na ajiye biro. Mota ta tashi daga Gombe lafiya ran Alhamis, ta wuce Alkaleri, ta haye gadar Dindima, sai giya ta ƙi ko taya biyu suka fashe kafin Bauchi, ko a hawan da ke tsakanin Tilden Fulani da Jos. Direba ya kira, Alhaji ya kira kamfani a take. Shin togaciyar ta kare shi? Ba ta kare shi ba. Sanarwar da jimlar ta amince da ita ita ce wadda aka yi "before the lorry left Gombe". Wadda aka yi bayan tashi, ko da minti goma ne, ba ta shiga. Alhali jinkirin da ya fi samun tirela mai ɗauke da tan 30 shi ne na hanya, wanda ba mai iya saninsa tun yana gida. Ganga ta ƙarshe, mai kalma biyar kacal, ta kwashe kusan duk amfanin togaciyar. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato Malam, sun ba ni laima ne da za ta yi aiki a cikin ɗaki kawai." Na ce haka ne, Alhaji.

Wannan bai fito ba sai da aka jera abubuwan a kan layin lokaci aka gwada su da labarin mota na gaske. Wanda ya fassara jimlar kalma da kalma, ko da bai yi kuskure ko ɗaya ba, zai wuce wurin bai gan shi ba.

Gwajin ya kuma tono wasu ramuka. "Delivered" ba ta fayyace ko isowar mota ƙofar sito ake nufi ba, ko sai an sauke an auna an karɓa. Sauke buhu 300 da 'yan dako yana cin sa'o'i, kuma ran Juma'a ana tashi a tafi masallaci da rana. Motar da ta iso da azahar tana iya kaiwa lokacin rufewa ba a gama da ita ba. "Closes" ba ta faɗi ƙarfe nawa ba. "Has been agreed" ba ta faɗi wa zai yarda da wa ba, kuma babu wa'adi, ke nan in kamfani ya ƙi amincewa da kowane farashi, kashi 60 na kuɗin zai zauna a hannunsa ba ranar fita. "A new price" ba ta ce ƙasa ko sama ba, amma duk wanda ke Tudun Hatsi ya san cikin kaka, sabuwar masara na shigowa, farashi ƙasa yake yi, don haka jinkiri mai saye yake yi wa daɗi. "Notice" kuma ba a ce ta baki ko a rubuce ba.

A fassarar Hausa ban yi ƙoƙarin riƙe ta jimla ɗaya ba. Na raba ta biyu, na sa wa kowace "sai" abin da zai bambanta ta:

"Idan har lokacin rufe sito ya yi ran Juma'a ba a kai masarar ba, mai saye zai riƙe cikon kuɗin har sai an daidaita kan sabon farashi. Sai dai wannan ba zai hau kan mai sayarwa ba idan ya riga ya sanar cewa za a makara tun mota ba ta bar Gombe ba."

Na mayar da "will not pay" zuwa "zai riƙe" da gangan, domin "ba zai biya ba" a kunnen ɗan kasuwa tana kama da an cinye kuɗin, alhali dakatarwa ce. Na karanta masa sau biyu, sannan na roƙe shi ya maimaita mini da kalmominsa abin da zai faru in mota ta lalace a Bauchi. Ya faɗa daidai. Da haka nake tabbatar da fassara ta isa, ba da gyaɗa kai ba.

Abin da ya rage shi ne gyaran da zai nema kafin ya sa hannu, na kuma ba shi shawara ya nuna wa lauya tunda kuɗin da yawa. Na rubuta masa uku a bayan takardar. A maimakon "has not been delivered by the time the warehouse closes", a sa "has not reached the warehouse gate by 4 p.m. on Friday", don isowa ƙofa ta zama ma'auni kuma a san ƙarfe nawa. A maimakon gangar ƙarshe, a sa "unless the seller gave notice of the delay by phone message before that time", don sanarwar da aka yi daga kan hanya ta shiga, kuma saƙon waya ya zama shaida mai ɗauke da lokaci. Sannan a ƙara jimla guda da za ta sa wa tattaunawar farashi wa'adin kwana 7, ta kuma faɗi abin da za a yi in wa'adin ya cika ba a daidaita ba.

Na sake bi da sabuwar jimlar ta halaye huɗun nan. Uku na farko ba su canza ba. A na huɗu, motar da ta tsaya bayan gadar Dindima ran Alhamis da dare, Alhaji ya tura saƙo da asuba, yanzu tana cikin togaciya. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce duk da haka zai sa a fara lodi ran Talata mota ta tashi Laraba.